Ƙurar ƙarfe a hannun lokotoro

Kowa ya san mayen ƙarfe, wanda yara ke jan allura da ƙusa da shi. Akwai kuma wani baƙin dutse, ɗan uwan tsatsa, da masana ke kira manyetit, wato haɗin ƙarfe da iskar oksijan, wanda shi ma mayen ƙarfe ke ja. Idan ƙwayarsa ta ƙanƙance har ta kasa nanometir 20 (nanometir ɗaya kuwa shi ne milimetir a raba shi gida miliyan), sai halinta ya sake: ba ta janyuwa sai mayen ƙarfe na kusa, da an ɗauke shi kuma sai ta koma kamar ba ta san shi ba. Wannan hali ne ya jawo hankalin lokotoro, domin ƙurar da ba ta dunƙulewa ba za ta toshe jijiya ba, musamman in an lulluɓe ta da wani irin sukari mai suna dekstiran.

Ba niƙa dutsen ake yi ba. A shekarar 1981 wani masani Bafaranshe, René Massart, ya bayyana hanyar da ta fi yaɗuwa: a narkar da gishirin ƙarfe iri biyu cikin ruwa, kashi ɗaya na wannan, kashi biyu na wancan, a haɗa da amoniyak, sai baƙar ƙura ta bayyana. To amma a nan gizo ke saƙa. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san gindin tukunya ya kan ƙone alhali sama bai nuna ba. Haka tukunyar masana take in daga waje aka ba ta wuta: ƙwayoyin da suka riga samun zafi su girma, na baya su tsumbure. Girman nan kuwa shi ne komai, domin shi ke nuna ƙarfin jan ƙwaya, da daɗewarta cikin jini kafin hanta ta tsince ta.

Murhun mikro-ond, wanda Percy Spencer ya gano asirinsa a Amurka a 1945, ba ya bi ta gindin tukunya. Ruwan kansa yake motsawa, ya ɗumama shi ciki da waje kusan lokaci guda. Tun 1986 masanan Kanada da Amurka suka nuna yana gaggauta harhaɗa sinadarai. Aikin da ke cin sa'o'i sai ya kammala cikin mintoci, ƙwayoyi kuma su fito kusan kai ɗaya. A lura, ba murhun ɗakin girki ake nufi ba. Na masana yana auna zafi da matsin tururi.

Me ake yi da ƙurar? An yi amfani da ita wajen fito da hoton hanta a na'urar IRM. A 2009 Amurka ta amince da allurar ferumoxytol domin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. A 2010 kuma wani kamfani na Balin, MagForce, ya sami iznin Turai na zuba ƙurar cikin sankarar ƙwaƙwalwa, a kaɗa ta da maganaɗisu mai sauya fuska har ta ɗauki zafin da ke raunana sankarar. Kamfanin ya karye a 2022, abin da ke nuna gwaji daban, kasuwa daban.

A ganina nan ne mikro-ond ke da sauran aiki. Igiyarsa ba ta ratsa ruwa fiye da ƴan santimetoci, saboda haka abin da ya yi kyau cikin ƙaramar kwalba ba ya yiwuwa cikin tano. Dabarar da masana suka koma gwadawa ita ce a riƙa tura ruwan ta siririn bututu, yana wucewa cikin murhun ba tsayawa, ƙura na fita ta ɗayan bakin.