Daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa kujerar shugaban jami'a

Tun 2014, masana sinadarai ne ke riƙe da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Farfesa Abdullahi Abdu Zuru ya shugabance ta har 2019, Farfesa Lawal Suleiman Bilbis, masanin sinadaran jikin halittu, ya gaje shi, sannan Farfesa Bashir Garba ya hau a 2024. Jami'ar Jihar Sakkwato ma ta kasance hannun Farfesa Sani Dangoggo, shi ma malamin kemistiri.

Dalilin farko na hakan tsufan fannin ne. An kafa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1975, kuma kemistiri ya daɗe yana yaye farfesoshi, kujerar kuwa sai farfesan da ya kwana biyu. Na biyu shi ne Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, inda ake aikin hasken rana da samar da gas daga kashin shanu. Mai irin wannan bincike dole ya koyi neman tallafi, sayen kayan aiki da tafiyar da ma'aikata, tun kafin a ba shi jami'a. Na uku siyasa ce: Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai, da ya zama gwamna a 2015 sai ya naɗa Bashir Garba sakataren gwamnatin jiha. Wannan ya ƙara wa malamin gogewa a mulki.

Amfanin ba ɓoyayye ba ne. Shugaban da ya taɓa asarar samfuri saboda ɗaukewar wuta ba ya buƙatar dogon bayani kan kuɗin janareta da sinadarai. Amma akwai hasara. Wa'adin shekara 5 ne, kuma taruka da rikicin albashi kan cinye shi, ɗaliban digirin digirgir su yi ta jiran mai duba aikinsu. Ba kowa ke komawa bincike da ƙarfinsa na da ba.

Babbar matsalar tana tushe. Kafin yaron Kebbe, Dogon Daji ko Jabo ya karanci kemistiri, sai ya ci jarrabawar aikin ɗakin gwaje-gwaje ta WAEC ko NECO, wadda ba ta yiwuwa da allo da alli kaɗai. Idan waɗannan shugabanni suka tura ɗalibansu koyarwa a sakandaren karkara, suka buɗe ɗakunan gwaje-gwajen jami'a ga malamanta lokacin hutu, kudancin jihar zai sami rabonsa a farfesoshin gobe.