Rufin kwano a tsofaffin unguwannin Ƙonni: ya tare ruwa, ya shigo da zafi da rigimar maƙwabta

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, watannin Afrilu da Mayu lokaci ne da kafintoci da masu walda ba su samun hutu. Damina na ƙaratowa, kuɗin ƴan ci-rani na shigowa daga Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, kuma cikin manyan abubuwan da ake aiko su dominsu akwai sauke rufin ƙasa a ɗora kwano. Duk wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fadar Sarkin Ƙonni zai ga yadda ƙyallin kwano ke maye jan ƙasar soraye, gida bayan gida.

Ga matashin da ke nema a waje, lissafin a fili yake. Ɗakin mahaifiyarsa na yoyo, shi kuma ba ya nan balle ya hau ya yi yaɓe. Ya tura kuɗi, a aiko masa hoton sabon rufi ta WhatsApp, hankalinsa ya kwanta. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne yadda ɗakin yake da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, da kuma inda ruwan rufin zai zuba ranar da aka yi na farko.

Me ya sa ake gudun soro

Ba raini ne kawai ya sa mutane barin rufin ƙasa ba. Soro gini ne mai neman hidima. Ana jera azara a kan bango, a shimfiɗa itatuwa ko zana, a zuba ƙasa a daɓe, sannan a fitar da indararo. Kafin kowace damina sai an hau an toshe tsaga, an share bakin indararo, an sabunta yaɓe. A da aikin gayya ne na samarin gida da na unguwa. Yau samarin ne ke Abijan.

Ita kanta azarar ta yi wuya. Daga giginya ake tsaga ta, kuma saboda gara ba ta cika cin ta ba ne magina suka fifita ta. Amma giginya na daɗewa kafin ta isa sara, kuma manyan dazuzzukanta a Nijar suna can yankin Gaya, inda jami'an gandun daji ke sa ido kan yankanta. Da azara ta yi tsada sai aka koma wa itacen da aka samu, wanda gara ke ci ta ciki ba a sani ba. Rufin ƙasa mai kaurin santimita 20 ya haura kilo 300 a kan kowace murabba'in mita, kuma idan ya sha ruwa ya fi haka. Irin wannan nauyi a kan itacen da gara ta ɓuɓɓuge shi ne ke rufta wa mutane cikin dare.

Daminar 2024 ta ƙara wa jama'a tsoro. Alƙaluman gwamnatin Nijar sun nuna cewa mutum 396 suka rasu sanadin ruwan sama da ambaliya a shekarar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. A farkon Satumbar shekarar ne tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, bidiyon ya karaɗe wayoyi. Bayan wannan, da wuya a shawo kan wanda ke da halin sayen kwano ya haƙura da soro.

Akwai kuma maganar faɗi. Azara ba ta cika ɗaukar tazarar da ta kai mita 2 ba sai an yi mata dabara da bakan gizo ko ginshiƙi, aikin da sai gwanin magini. Amaryar yau kuwa tana zuwa da gado da kujeru da sif. Kwano a kan katako ko ƙarfe na ba da falon da zai ɗauke su.

Zafi da iska

Ƙonni na cikin garuruwa mafi zafi a Nijar, inda a bazara ma'auni ke haura digiri 40 kusan kullum. Fallen kwano da rana ta buga yakan wuce digiri 60, kuma da yake siriri ne, nan take yake sauke zafin a kan na ciki. Ƙasa mai kauri kuwa tana shanye zafin ne a hankali, sai dare ta sake shi. Shi ya sa mai soro ke kwana a tsakar gida a bazara amma ya wuni a ɗaki, shi kuwa mai kwanon da ba silin ɗakinsa ba ya shiguwa tun daga hantsi har la'asar sakaliya.

Waɗanda ke wuni a gida a lokacin su ne tsofaffi, da masu jego, da jarirai, da marasa lafiya. Wato waɗanda aka yi rufin dominsu. Fanka na taimakawa idan akwai wuta, amma mutanen Ƙonni ba su manta da watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar. Abin lura, manoman albasa na Galmi, a gundumar Malbaza, har yau a rudu na kara da ciyawa suke adana amfaninsu, don sun san abin da zafi da rashin iska ke yi wa albasa. Ana kula da albasa ta sha iska, an bar tsohuwa a ƙarƙashin kwano tsirara.

Matsala ta biyu ita ce iskar hadarin farko. Kwano ba shi da nauyi, kuma bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Idan iska ta samu ƙofa ta shiga ƙarƙashin rufi, ɗaga shi take yi gaba ɗaya, da katakon da komai. Duwatsu da tubalan siminti da tsofaffin tayoyin da ake gani jere a kan rufi shaida ce cewa mai gida bai yarda da ɗaurin da aka yi masa ba. Fallen kwano da ya tashi a unguwar da gidaje ke manne da juna kuwa wuƙa ce.

Ruwan wa zai zuba a ina?

A nan ne tsohuwar unguwa ta bambanta da sabbin filaye na bayan gari. Ƙonni tsohon birni ne. A yankinsa kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zauna bayan tasowarsu daga Futa Toro, kuma ko da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone garin a watan Mayun 1899, da aka sake gina shi an yi ne bisa tsarin da aka sani: zaure a gaba, katanga jikin katanga, lungu mai faɗin da bai wuce na jaki da kayansa ba.

A wannan tsari, kowane soro na da indararo ɗaya ko biyu, kuma kowa ya san inda na maƙwabcinsa ke zuba, domin iyaye sun daidaita maganar tun tuni. Ƙasar rufin ma tana shan wani kaso na ruwan, ta rage masa gudu. Kwano ba ya shan ko ɗigo. Ruwan milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, idan ya sauka a kan rufi mai murabba'in mita 40 ya zama lita 1,200, sama da ganga biyar, kuma cikin ɗan lokaci zai zubo ta duk tsawon bakin rufin. Idan kafinta ya karkata rufin zuwa lungu, ruwan na dukan gindin katangar maƙwabci, ya yi ta cin ta har ta zauna.

Sau da yawa maƙwabcin shi ne wanda ba shi da ɗa a waje. Ƙarar kan je gaban mai unguwa ko liman, a tuna wa mai kwano haƙƙin maƙwabtaka, a ce ya sa mazurari. Amma galibi sai ɓarna ta auku ake zama. Ƙonni ba ta cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO kamar tsohon garin Agadas da aka saka a 2013, don haka babu wani daga waje da zai zo ya tambayi yadda ake sauya fuskar unguwa. Zankwaye da rawanin soro kan tafi ranar da aka zo ɗora katako, don su ne ke hana kwano kwanciya.

Kwano ma suna ya tara

Ƙonni na kallon Illela ta jihar Sakkwato (kada a haɗa ta da Illela ta Nijar, wadda ke arewa a kan hanyar Tawa), kuma kayan gini da yawa ta wannan iyaka suke shigowa. Rufe ta da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa Maris ɗin 2024, duk sun taɓa aljihun mai gini. Idan kaya ya yi tsada, abin da mai saye ke ragewa shi ne kauri. Bandir ɗaya falle 20 ne, ko mai kauri ko marar kauri, kuma a hoto duk ƙyalli ɗaya suke yi. Siririn shi ne ke yagewa a wurin ƙusa, ya yi tsatsa cikin ƴan damina kaɗan.

Siminti kuwa a gida yake. Malbaza na da masana'antarsa tun shekarun 1960, kuma an ƙaddamar da sabuwa a 2019. Sai dai shafe bangon ƙasa da siminti, wanda kan biyo bayan ɗora kwano, na da nasa aibin: siminti ba ya manne wa ƙasa da kyau, danshi ya maƙale a tsakani, bango ya riƙa ruɓewa ta ciki alhali fuskarsa sumul.

Abin da ke Yama da Dandaji

Amsar ba ta da nisa, tana cikin gundumar Illela. A ƙauyen Yama, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga 1975 kuma ya sake masa rufi da bakan gizo da ƙubba, ya ƙara hasumiyoyi huɗu. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Masana daga Turai na nazarinsa, yayin da a garuruwan kusa ake kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci.

A Dandaji, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, ƴar Nijar mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. An kammala aikin a 2018. A kasuwar garin, wadda ita ma Mariam Kamara ta zana, an yi amfani da ƙarfe, amma a matsayin laima mai launi da aka ɗaga can sama, iska na ratsawa ta ƙarƙashi.

Dabarar ke nan da Francis Kéré na Burkina Faso ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001: silin na ƙasa, kwano a samansa da tazara, bakin rufin ya zarce bango ya kare shi daga ruwa. Kwanon ya tare ruwa da rana, ƙasar ta riƙe sanyi. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker. Akwai kuma gini marar itace, na ƙubba da tubalin ƙasa zalla, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar tun 1980.

Ba kowa ne zai iya ɗauko mai zanen gini ba, kuma ba sai an yi hakan ba. Soron da azararsa ke da lafiya ba ya buƙatar a sauke shi. Ana iya yi masa rumfar kwano a sama a bar tazarar iska. Inda dole sai an sauke, silin ko da na tabarma ko asabari ne ya fi babu, haka ma ƴan tagogi biyu masu kallon juna a can saman bango. Farin kwano ya fi mai duhu mayar da rana. Katako kuma a ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin bango, ba a dogara da dutse ba.

Duk wannan ƙarin kuɗi ne, kuma shi ne kason da aka fi yankewa idan abin da aka turo bai isa ba, tunda ba ya fitowa a hoto. Ɗan ci-ranin da zai tura kuɗin rufi a bana na iya neman kafinta ya rubuta masa kaurin kwanon da kuɗin silin da na mazurari tun a lissafin farko, sannan ya sa Baba ko wansa su kira maƙwabcin da ke bayan katanga ya tsaya a wurin ranar da za a yanke gefen da ruwa zai bi.