Tafiya da Jakar Goyo a Ƙasashen Waje: Riba da Tsadar Fita Mutum Shi Kaɗai

Akwai wani salon yawon buɗe ido da ya sha bamban da wanda kamfanonin tafiye-tafiye ke shiryawa, inda mutum kan tattara kayansa kaf a jakar goyo guda, ya yanki tikitin zuwa, sau da yawa ba tare da ya tsayar da ranar dawowa ba, ya shafe makonni ko watanni yana ratsa ƙasashe ta hanya mafi araha. Irin wannan matafiyi motar haya da jirgin ƙasa na talakawan wuri yake shiga, abincin bakin titi yake ci, kwanansa kuma a masaukin haɗaka, wato gidan baƙi da ake biyan kuɗin gado maimakon kuɗin ɗaki, ta yadda mutum shida ko goma da ba su san juna ba za su kwana ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya buɗe masauki na dindindin na farko irin wannan a fadar Altena a 1912, domin ɗalibai masu yawo a ƙasa su sami wurin kwana.

Salon ya bunƙasa ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasan Turai suka riƙa bin hanyar ƙasa daga Landan zuwa Istanbul, Tehran da Kabul, har su dangana da Indiya ko Katmandu ta Nepal. Cikin waɗanda suka bi hanyar akwai Tony da Maureen Wheeler, mata da miji, waɗanda suka wallafa ɗan littafinsu na jagora na farko a 1973, kuma daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali. Juyin juya halin Iran da mamayar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Afganistan, duka a 1979, sun toshe wannan hanya, sai akalar matafiyan ta karkata zuwa Kudu maso Gabashin Asiya, inda har yau zagayen Tailan, Lawos, Biyetnam da Kambodiya ya zama makarantar farko ta masu fita su kaɗai. Mafarin zagayen a wurin yawancinsu shi ne titin Khao San na Bankok, wani gajeren layi da a da kasuwar shinkafa ne, yanzu kuwa masaukai da wuraren canjin kuɗi da masu sayar da tikitin motar dare sun cika shi.

Babbar ribar da masu wannan tafiya ke ambata ita ce 'yancin yanke shawara. Wanda ya isa wani gari ya ga ya kwanta masa a rai yana iya ƙara mako guda ba tare da ya nemi yardar kowa ba, wanda kuma garin bai yi masa ba yana iya ɗaukar jakarsa da asuba ya kama hanya. Rashin abokin hira kuma kan tilasta masa buɗe baki ya tambayi hanya, ya yi ciniki, ya koyi gaisuwa da ƙidaya a harshen mutanen wuri, abin da masu tafiya a ayari ba su cika yi ba saboda sun wadatu da junansu. Sai dai batun arahar yana da gyara, domin mutum ɗaya shi ke biyan kuɗin tasi da na ɗakin kwana gaba ɗaya, alhali da su biyu ne da sun raba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a kan wannan sanannen zagaye da wuya mutum ya kasance shi kaɗai a zahiri. Misali, wanda ya ƙetara daga arewacin Tailan zuwa garin Huay Xai na Lawos yakan shiga dogon jirgin ruwa na katako mai tafiyar hawainiya a kogin Mekong, a yi kwana biyu ana tafiya zuwa Luang Prabang tare da yada zango a Pakbeng. A kan doguwar kujera, tsakanin buhunan kaya da ƙarar inji, fasinjojin da safiya ta same su baƙin juna kan kai yamma suna raba ayaba da ruwan sha, kafin su sauka kuma sun shirya neman masauki tare. Irin wannan abota tana ƙulluwa da sauri, tana kuma warwarewa da sauri, domin bayan kwana uku wannan ya nufi Hanoi, wancan ya nufi Siem Reap don ganin tsofaffin gine-ginen Angkor. Maimaita bankwana da sake gabatar da kai ga sababbin fuskoki kowane mako yana gajiyar da zuciya, kuma daga nan ne kewar gida kan shigo, galibi da dare a ɗaki cike da mutane.

Kaɗaicin gaske yana bayyana ne ranar da lamari ya ɓaci. Zazzaɓin denge, wanda sauron da ke cizo da rana yake yaɗawa, ya zama ruwan dare a yankin musamman da damina, kuma yana iya kwantar da mutum mako guda da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido. Gudawa daga gurɓataccen ruwa ko abinci ta fi shi yawa. A irin wannan hali babu mai kawo wa matafiyi magani, babu mai lura da ko jikinsa ya tsananta, kuma shi da kansa, cikin zafin zazzaɓi, zai tantance ko lokacin zuwa asibiti ya yi. Haɗarin babur ma yana cikin manyan abubuwan da ke jikkata baƙi a Tailan da Biyetnam, inda ake ba da hayar babur cikin sauƙi ga wanda bai taɓa tuƙawa ba. Inshorar tafiya, wato yarjejeniyar da kamfani ke ɗaukar nauyin jinyar matafiyi a kan wani kuɗi da ya biya tun farko, sau da yawa ba ta aiki idan mutum ya yi tuƙi babu lasisin babur ko babu hular kwano. Wasu masu ba da hayar kuma sukan nemi a ajiye musu fasfo a matsayin jingina, wanda kuskure ne babba a yarda da shi, tunda duk wanda ke riƙe da fasfon mutum yana riƙe da ikon fitarsa daga ƙasar. Maye gurbin fasfon da ya ɓata kan ɗauki lokaci, balle ga ɗan ƙasar da ofishin jakadancinta mafi kusa yake wata ƙasa dabam.

Wani haɗarin ya fito fili a watan Nuwamban 2024 a garin Vang Vieng na Lawos, inda baƙi shida, 'yan Ostireliya biyu, 'yan Denmak biyu, 'yar Birtaniya ɗaya da Ba'amurke ɗaya, suka mutu bayan shan barasar da ake zargin ta gurɓata da mitanol, wani sinadari mai guba da ba a iya gane shi a ɗanɗano, wanda kuma kaɗan daga cikinsa kan makantar ko ya kashe. Alamunsa kan jinkirta sa'o'i da yawa, don haka wanda ya kwanta shi kaɗai yana zaton buguwa ce kawai yana iya rasa lokacin da za a cece shi. Damfara kuwa ta fi kisa yawa nesa ba kusa ba, kuma tsohuwar dabarar Bankok har yanzu tana ci: wani mai fara'a ya tare baƙo ya ce masa Babbar Fadar Sarki a rufe take yau, ya sa shi a keke mai ƙafa uku, a ƙarshe a sauke shi a shagon duwatsun ado na jabu. Mutum ɗaya ya fi sauƙin faɗawa wannan tarko saboda babu na gefe da zai ce masa a dakata. Mata masu tafiya su kaɗai suna da ƙarin lissafi a kan lokacin isa gari da zaɓen mota, shi ya sa masaukai da yawa suka ware ɗakunan mata zalla.

Wasu hukumomi sun fara taƙaita fita mutum shi kaɗai. Daga 1 ga Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Nepal ta sanar da cewa dole baƙo mai hawan duwatsu a yankunan da aka killace ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san cutar tsauni, wato ciwon kai da amai da ruɗewa da ƙarancin iskar shaƙa ke haddasawa daga tsayin mita 2,500 zuwa sama, domin mashigar Thorong La da ke zagayen Annapurna ta kai mita 5,416, kuma ruɗaɗɗen mutum ba ya gane cewa ya ruɗe.

Duk wannan 'yanci da ake yabo bai rabu daidai tsakanin mutane ba, kuma littattafan jagora, waɗanda aka rubuta da Turawa a zuciya, ba su cika tsayawa a kan hakan ba. Mai fasfon Jamus ko Birtaniya yana sauka a Bankok a buga masa hatimi ya wuce, amma ɗan Nijeriya sai ya nemi biza tun daga gida, ya nuna takardar banki da tikitin dawowa da shaidar wurin kwana, har da takardar wankewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi. Waɗannan sharuɗɗa sun rushe ginshiƙin salon tun daga tushe, tunda an tilasta wa mutum tsara ranakun da ya so ya bari a buɗe. Matafiyi Musulmi kuma yana da nasa lissafin, domin a Biyetnam da Lawos naman alade kan shiga romo da miya ko da ba a gan shi a kwano ba, kuma hirar masaukai da yawa a kan barasa take gudana, saɓanin Maleshiya da Indunisiya inda abincin halal da masallaci ba sa wuyar samu. A cikin Afirka ne ƙofar ta fi buɗuwa, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90 babu biza, sannan Ruwanda da Benin da Gambiya suka ɗage biza ga 'yan Afirka baki ɗaya.