Maɓallin komawa tsohuwar fuskar imel: amfaninsa da haɗarinsa

Kwamfuta ɗaya ce tal a ofishin malamai na makarantarmu, kuma ta girmi wasu ɗaliban aji ɗaya. Da ita nake tura makin jarrabawa ta imel duk ƙarshen zangon karatu. Idan intanet ya yi rauni, sai in zauna ina kallon shafi yana lodi har a kira La'asar.

Wata rana malamin kwamfuta ya same ni a haka, ya ce, "Malam, matso kaɗan in saka maka wani abu." Ya ɗora wani ƙari a burauza, sai ga maɓalli a saman shafin. In na danna sai tsohuwar fuskar imel ta buɗe, rubutu zalla, ba nauyi. In na sake dannawa sai sabuwar ta dawo. Wallahi ranar kafin mintuna biyar na gama.

Abin da ya saka ɗan rubutun umarni ne na JavaScript, wanda ake kira userscript. Ba ya aiki shi kaɗai, sai an ɗora shi a kan ƙari irin su Greasemonkey, wanda ya shahara a Firefox tun 2005, ko Tampermonkey da ya fito a 2010. Aikinsa shi ne sauya shafi bayan ya iso kwamfutarka: ya ɓoye wani sashe, ya ƙara maɓalli, ko ya tura ka wani adireshi.

To, a nan iyakarsa take. Rubutun bai ƙirƙiri tsohuwar fuska ba, hanya kawai yake nuna maka zuwa inda kamfani ya bar ta a buɗe. Misali, Gmail ya daɗe yana da fuska mai sauƙi ta HTML don masu raunin intanet, amma Google ya rufe ta a farkon 2024. Daga nan duk rubutun da ke tura mutane can ya daina aiki. Masu alkawarin "dawo da tsohon Gmail" a yanzu kwalliya kawai suke sauyawa, nauyin shafin yana nan.

Abu na biyu ya fi damuna. Rubutun yana gudana ne a cikin shafin da ka riga ka shiga da kalmar sirrinka, don haka yana iya karanta duk saƙon da ke gabanka. A akwatina akwai sunayen yara, makinsu da lambobin iyayensu. Amana ce, ba tawa ba ce ni kaɗai. Da na fahimci haka, na roƙi malamin muka buɗe rubutun muka duba tare.

Kafin ka saka irinsa, duba layukan @match da ke samansa, su ne ke faɗin shafukan da zai taɓa. Idan ya nemi dukkan shafuka, bar shi. Idan ba ka iya karanta shi, nemi wanda ya iya. Kada kuma ka saka shi a kwamfutar shagon intanet.

Ni dai yanzu na koma Thunderbird, manhajar imel ta kyauta da ke ajiye saƙonni a kwamfuta. Ina rubuta saƙona ko babu intanet, da ya dawo in tura. Makin wannan zangon ya tafi tun kafin Azahar, alhamdulillahi.