Wane ne Anders Indset, mai hango alƙiblar kasuwa?

A Turai akwai masu wata sana'a da ba kasafai ake jin sunanta ba: su lura da inda al'umma da fasaha suka dosa, sannan manyan kamfanoni su biya su kuɗi don su zo su yi musu bayani. Anders Indset na cikinsu.

An haife shi a Norway a 1978, ya tashi a Røros, wani ƙaramin gari mai tsananin sanyi da aka san shi da haƙar tagulla. Ƙwallon hannu ya fara bugawa, ita ce ma ta kai shi Jamus, inda ya zauna ya shiga kasuwanci, daga baya ya koma rubutu da lacca.

Littafinsa Quantenwirtschaft na 2019 ya yi kasuwa sosai a Jamus. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake yawan danganta nasarar 'yan Norway da "dugnad": maƙwabta su fito da tsintsiya da shebur su gyara unguwa ba a biya kowa ba. Bahaushe ya san wannan, aikin gayya ke nan.

Hasashensa dai ra'ayi ne, ba wahayi ba. Mai karatu ya auna kafin ya ɗauka.