Babur Pulsar: Na Ado Ne Ko Na Lodi?

'Yan kasuwa da dillalai, ga bayanin Pulsar 150 na kamfanin Bajaj na Indiya. Giya 5 gare shi, tanki lita 15, birkin gaba na faifai. In ya hau kwalta daga Gusau zuwa Tsafe ko Bungudu, Boxer ba ya kamo shi, kuma ba ya rawa a kwana. Tankin nan mai ƙirji shi ke ruɗin samari. Amma fa ya fi Boxer nauyi da shan mai, ga mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Sitinsa kuma da tudu, buhun gero ba ya zama daidai. Mai lodin ƙauye dai ya riƙe Boxer ɗinsa. Allah ya ba da kasuwa.