Sharar Gona: Kada Gatari Ya Haɗa Matacce Da Mai Rai

A ƙarshen bazarar bana na je ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel domin sharar gonar gado da ke bayan gida. Abin da ya kai ni shi ne wata tsohuwar darbejiya da ta bushe ƙayau, ta karkata kan rumbunmu, kowa yana fargabar ranar da hadari zai taso da iska. Muka ɗaure ta da igiya, muka sare ta daga gefen da muke so ta faɗi, ta kwanta lafiya. Itacenta ya cika amalanke biyu, matan gida suka yi ta sa albarka. Wannan aiki ba shi da aibi, domin matacciyar bishiya a kusa da ɗaki haɗari ce.

Matsalar ta taso ne da matasan da na ɗauka aiki suka nufi wani gawo a tsakiyar gona. Ganyensa ya fara zuba, ni kaina na yarda ya mutu. Sai Baffana, wanda ya haura shekara saba'in, ya karɓi adda ya ɗan kankare bawon, sai ga shi kore shar, da danshi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, zaman birni ya mantar da kai halin gawo. Da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore." Na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baffa." Kunya ta kama ni, domin saura kaɗan in halaka bishiyar da ba ta tare wa gero rana, ganyenta taki ne, 'ya'yanta kuma abincin awaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Tun daga ranar nake tunani a kan yadda muke sharar gona a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne da iska ke ɗauka ba wuya. Amma da yawanmu mun ɗauka manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes: a sassabe sabara da kalgo da geza har ƙasa, a tumɓuke kututture, a tara kara tsibi-tsibi a cinna wuta. Tokar tana da ɗan amfani, sai dai iska ce ke cin rabonta. Idan ruwan shuka ya sauka, guguwar da ke gabansa ba ta samun abin da zai tare ta, sai ta binne tsiron gero da yashi, manomi ya koma sayen iri.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa duk shekara tohon tsofaffin bishiyoyi ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran, su riƙa yi musu aski. Suka kira abin sassaben zamani. Bayan farin 1984 dabarar ta bazu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Mutanen can suna cin kasuwar Maigatari tare da mu kowace Alhamis. Me zai hana mu karɓi wannan ilimi kamar yadda muke karɓar shanu da raƙuma?

Ban manta da halin da talaka ke ciki ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidajen da suka saba da iskar gas suka koma itace da gawayi. Wannan ne ya sa wasu ke zagaye gindin bishiya mai rai su sassaƙe bawonta, ko su kunna mata wuta, su jira ta bushe, sannan su ce matacciya suka sara. Wannan kisa ne da gangan. Mai gyaran toho kuwa yana samun itacen girki duk shekara daga rassan da ya rage, bishiyarsa na tsaye.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, kuma tun 2015 Nijeriya ke da hukumar da ke kula da shi. Dashe abu ne mai kyau, amma ɗan dashe yana bukatar ruwa da shinge kafin ya kafu, alhali kututturen sabara ya riga ya kai saiwarsa inda danshi yake. Ina kira ga malaman gona da dagatai da masu unguwanni su sa wannan magana a gaba kafin kowace shara, ɗalibanmu kuma su kai ta gida.

A gonarmu dai mun sare darbejiya ɗaya, mun bar gawo, mun gyara kututture fiye da ashirin, mun bar kara a kwance domin gara ta mai da shi ƙasa. Kafin ka ɗaga gatari, ɗan'uwa, kankare bawo ka duba. Allah Ya ba mu damina mai albarka.